Ranar Da Na Ba Ɗan Sanagal Ƙwallo Kyauta

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Madina ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Na ma taɓa gwada ba da labarin da sunan wani, in ce wani abokina ne abin ya faru da shi, sai aka yi rashin sa'a akwai wanda ya halarci wurin a cikin masu sauraro. Tun daga ranar na haƙura, na ce gara in riƙa faɗa da bakina, ko ba komai zan rage wa abin gishiri.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina karatu a wata jami'ar Musulunci a Madina. Duk shekara akan yi gasar ƙwallon ƙafa tsakanin ɗalibai, kuma da yake daga ko'ina a duniya muka taru, kusan kowace ƙasa da ƙungiyarta. An raba gasar rukuni biyu. Akwai babban rukuni, inda 'yan Sanagal da Gini da Maroko da Yaman suke, mutanen da ƙwallo ke bin ƙafarsu kamar ta san sunansu. Akwai kuma ƙaramin rukuni, wanda asalinsa na sababbin ɗalibai ne masu koyon Larabci kafin su shiga kulliya, wato karatun digiri. A nan muke, mu 'yan Nijeriya. Ba don mu sababbi ba ne. Waɗanda suka kafa ƙungiyar suna ajin koyon Larabci lokacin da suka rubuta sunanta, suka gama karatu, suka koma gida suka tara iyali, ba wanda ya tuna ya sauya takardar.

Zaman kuwa ya yi mana daɗi. Abokan karawarmu bayin Allah ne daga ƙasashen da ƙwallon ƙafa ba ta dame su ba. Wasu da silifa suke shigowa fili. Na taɓa ganin golansu ya ɗaga hannu ya roƙi a dakata zai goge tabarau, kuma aka dakata. Mukan ci biyar, mu ci bakwai, mu ɗauki ƙaramin kofi. Daga nan sai a haɗa mu wasan ƙarshe da zakaran babban rukuni, a lallasa mu cikin mutunci, mu dawo ɗaki muna cewa alƙalin wasa ne.

Ƙaramin kofin nan ba wani abin kallo ba ne, bai fi butar shayi girma ba, amma yana da daraja a wurinmu saboda Ammu Bukar. Ammu Bukar (ammu baffa ne da Larabci) dattijo ne ɗan ƙasa, haifaffen Madina, kakansa ne ya tako daga ƙasar Hausa zuwa aikin Hajji bai koma ba. Gidansa na unguwar Ƙuba, gonarsa ta dabino na Awali a gefen gari. Hausarsa irin ta da ce, mai kalmomin da sai a bakin kakarka ka taɓa ji, kuma a tsakiyar magana sai ya zame cikin Larabci bai sani ba. Shi ya ɗinka mana rigunan wasa, kore da fari. Duk shekarar da muka ɗauki kofin sai ya kira mu gona ranar Juma'a, a yanka rago, a zuba shi kan shinkafa a faranti mai faɗin tabarma, a ajiye kofin a tsakiya ana yi masa hoto. Ga ɗalibin da ya shekara yana cin wake da burodi a ɗakin cin abinci na jami'a, wannan rana ta fi kofin kansa muhimmanci.

Ni kuma matsayina a ƙungiyar sakatare ne. Ni ke rubuta sunayen 'yan wasa, ni ke kai takarda ofishin wasanni, ni ke tsayawa a gefen fili ina bayanin abin da ya kamata a yi bayan an riga an yi. To a nan zan yi ikirarin farko. Da na ga ana raba rigunan Ammu ga waɗanda sunansu ke cikin takarda kaɗai, sai na duba na ga alƙalamin a hannuna yake, na rubuta sunana a matsayin gola na biyu. Da aka tambaye ni, na ce ai a gida ni ke tsare wa unguwarmu raga. (Gaskiya ne, ta wani fanni. Ragar duwatsu biyu ce, shekarata tara, kuma an tura ni can ne don ba na iya gudu.) Ba wanda ya bincika, domin golanmu na gaske, Habibu, bai taɓa fashin wasa ba, ko mura ba ya yi.

Abin ya faro ne bayan 'yan Gini sun ci mu a wasan ƙarshe na wata shekara. Muka taru a ɗakin kyaftin ɗinmu, Sani Dogo, bayan la'asar, ana shan shayi ana zagin alƙali kamar yadda aka saba. Sai na gyara murya na ce ba alƙali ba ne, rukuninmu ne ke kashe mu. Na ce mutumin da ya shekara yana dambe da filo, ranar da ya gamu da ƙato dole ya ga taurari. Habibu kan yi wasa uku bai taɓa ƙwallo ba, har karatun hadda yake yi a cikin raga, to yaya zai yi ranar da aka yi masa ruwan ƙwallo? Na ce ku duba, duk sabon ɗalibi mai ƙafa da ya zo daga Nijar ko Gana, ga shi yana jin Hausa kamar mu, amma sai ya tafi wurin 'yan Gini, domin a can ake da 'yan kallo, a can ake buga wasa a filin ciyawa, mu kuwa muna filin ƙasa muna shaƙar ƙura. Kuma malamin da ke zaɓen 'yan wasan da za su wakilci jami'a bai taɓa takowa filinmu ba, bai ma san muna raye ba.

Na yi magana ta kusan rabin awa. A lokacin ina shan darasin balaga, ilimin fasahar magana na Larabci, bakina na zuba kamar famfo. Na ga kawuna sun fara gyaɗawa.

Sani Dogo ne kaɗai bai gyaɗa ba. Mutum ne Bazamfare marar yawan magana, irin wanda kan juya kofin shayi a hannu sau uku kafin ya ce uffan. Ya ce shi bai ƙi ba, duk abin da na faɗa akwai ƙamshin gaskiya, amma a ba shi shekara guda a nemo 'yan baya biyu tukuna. Ya ƙara da cewa a can sama ba a ba na ƙarshe kofi, kuma in babu kofi bai san da wane ido za mu je Awali ba.

Na ce, "Malam Sani, wato saboda rago za mu zauna cikin yara har mu gama jami'a?"

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Aka ɗaga hannu, na yi rinjaye. Sani ya ce shi ke nan, tunda sakatare ne ya kawo, sakatare ya rubuta.

Na kuwa rubuta. Kwana uku na yi ina sassaƙa wasiƙar nan da Larabci, da ƙamus biyu a gabana, kowace jimla na ƙarewa da amo ɗaya da 'yar'uwarta. Na ce ƙungiyarmu ta gaji da nasarar da babu gumi a cikinta. Na ce golanmu na gyangyaɗi a tsaye saboda rashin aiki. Na ce muna roƙon a haɗa mu da mazajen da za su sa mu jiƙa riga, in akwai su. (Wannan "in akwai su" ɗin ba ta cikin ma'anar da nake nufi. Amon jimlar ne ya buƙace ta.)

Mai kula da wasanni wani Basudane ne, Ustaz Usman, mai son Larabci mai daɗi fiye da yadda yake son ƙwallo. Ya karanta wasiƙar sau biyu a gabana yana lumshe ido, ya ce shekararsa goma sha a ofishin bai taɓa karɓar takarda irinta ba. Nan take ya amince. Na fito ina jin kaina a sama. Abin da ban sani ba shi ne, saboda tsabar ƙaunar da ya yi wa wasiƙar, ya manna ta a allon sanarwa na ƙofar ofishin, inda duk ɗan ƙwallon jami'ar ke tsayawa duba jadawali, da sunana da sa hannuna a ƙasa.

Da jadawalin sabuwar shekara ya fito, wasanmu na farko da 'yan Sanagal ne, ranar Alhamis bayan la'asar, a filin ciyawa. Na hau mota takanas na tafi Ƙuba na gayyaci Ammu Bukar. Bai taɓa zuwa kallonmu ba, labari kawai ake kai masa da kofi. Na same shi a zaure da 'ya'yansa biyu, samari masu jin Hausa sarai amma su mayar maka da Larabci. Na ce masa wannan karon zai ga ƙwallo ta gaske, rigunansa za su shiga babban fili. Ya ce, "Tayyib, ya waladi, to madalla ɗana, za mu zo mu ga mazaje." Samarin suka kalli juna. Ashe har Ƙuba labarin wasiƙar ya kai, ni ne ban gane ba.

Ranar Laraba da hantsi Sani Dogo ya tare ni a ƙofar aji. Ya ce mahaifiyar Habibu ta taso Umra, jirginsu zai sauka Jidda gobe, Habibu ya riga ya tafi tarbarta. Na ce Allah ya kawo ta lafiya, ai uwa ta fi ƙwallo. Sai na ga bai tafi ba, yana tsaye yana kallona, ya zaro safar hannun Habibu daga aljihun jallabiya ya miƙo mini.

Na ce ai akwai yara masu tasowa, ya kamata a ba su dama. Ya ce dokar babban rukuni ba ta yarda wanda ba a rubuta shi gola ba ya fara wasa a raga, kuma ni na fi kowa sanin abin da ke cikin takarda. Na ce kwana biyu ina jin wani ciwo a kafaɗa. Ya ce da ɗaya hannun ma ya isa, tunda na ce a unguwarmu ni ne gola. Har yau ban san ko ya yarda da labarin unguwar ba ko tun farko ya san ƙarya ce. Fuskar Sani ba ta karantuwa.

Zan iya faɗin gaskiya a lokacin. Kalma biyar ce: Malam Sani, ban iya ba. Na buɗe baki, sai na tuna rabin awar da na yi ina balaga, da maganar rago, na rufe. Na karɓi safar.

Alhamis ta zo. Filayen biyu a jere suke, waya ce kawai ta raba su. A filin ƙasa tsofaffin abokanmu na ƙaramin rukuni na nasu wasan, su minti talatin-talatin suke yi, mu a babban rukuni arba'in-arba'in. A namu filin kuwa ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Duk wanda ya karanta wasiƙar ya zo. 'Yan Maroko sun zo, 'yan Yaman sun zo, har da waɗansu da na san ba su san ƙwallo zagaye take ba. Ammu Bukar ya iso a tsohuwar motarsa, aka shimfiɗa masa darduma a bakin layi dab da ragar da zan tsare, ga butar gahawa, ga kwanon dabino daga gonarsa, ga samarinsa biyu a gefe.

Ragar nan kuwa, daga waje ba ka sanin girmanta. Da na tsaya a tsakiyarta na duba dama na duba hagu, sai na ga kamar an ba ni gadin ƙofar gari.

'Yan Sanagal suna da wani ɗan gaba, Mamadu, dogo siriri mai sanyin hali, ɗalibin hadisi. Kafin a fara ya tako har wurina ya ba ni hannu, ya tambaya cikin ladabi ko ni ne mai wasiƙar. Na ce ni ne. Ya ce ma sha Allah, Larabcin ya yi kyau ƙwarai, ya koma wurinsa. Da ya zage ni da na fi samun natsuwa.

Ta farko ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Ban ma gan ta ba, iskarta na ji. Ta biyu na yi tsalle mai kyau, irin wanda nake gani a talabijin, na faɗi a dama, ƙwallo kuwa tun ɗazu tana hagu tana hutawa a cikin raga. Ta uku kwana aka bugo, na fito da gudu ina ihun a bar mini, aka kuwa bar mini, na wuce ta ta wuce ni. Ta huɗu ba na so in yi dogon bayani. Ta bugi turke, ta dawo ta bugi ƙeyata, ta shiga. (Daga baya an yi gardama ko Mamadu za a rubuta wa ita ko ni. Ustaz Usman, don tausayi, ya rubuta wa Mamadu.)

Duk wannan a cikin minti ashirin da 'yan kai. Ba na duban wajen dardumar Ammu, amma ina jin ƙarar ƙananan kofunan gahawa, ina jin samarin na magana ƙasa-ƙasa da Larabci suna danne dariya.

Sai Allah ya kawo mini abin da na ɗauka sauƙi ne. Mamadu ya yanke 'yan bayanmu biyu, ya saki wata ƙwallo mai nauyi. Na rufe ido na dunƙule. Ta zo ta daki cikina, numfashina ya ɗauke, hannuwana suka naɗe a kanta don zafi. Da na buɗe ido sai ga ƙwallo a ƙirjina. Na kama. Fili ya ɗauki tafi, har 'yan Sanagal na tafawa. Na saci kallon Ammu, na ga ya ɗaga kofin gahawarsa sama yana cewa ma sha Allah. Wallahi a wannan daƙiƙar na yafe wa kaina huɗun nan. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a ɗaki: an sha wuya da farko, amma da gola ya gane fili, sai wasa ya sauya.

Ina cikin haka na ji usur, dogo, sau biyu, mai ɗan karkarwa a ƙarshe. Shekara uku ina jin wannan usur ɗin daga gefen fili, jikina ya san shi kamar kiran cin abinci: hutun rabin lokaci. Na sauke ajiyar zuciya. Mamadu na tsaye kusa da ni, bai fi taku biyar ba. Sai na ce bari in nuna wa jama'a, musamman Ammu, cewa ko an ci mu muna da tarbiyya. Tunda shi zai bi ta tsakiyar fili, ya kai wa alƙali ƙwallon. Na sunkuya na gangara masa ita har ƙafarsa, a hankali, na dafa ƙirji na ce da murya mai ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Tafaddal, ya akhi."

Wato bismilla, ɗan'uwa. Na juya na tuɓe safar hannu, na nufi dardumar Ammu ina tafiyar wanda ya yi aiki ya gaji. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗauki dabino guda na jefa a baki, na miƙa hannu a zuba mini gahawa.

Ba wanda ya zuba. Saurayin da ke riƙe da butar ya buɗe baki yana kallon bayana. Sai a lokacin na lura filin ya yi tsit, irin shirun da kan biyo bayan faɗuwar faranti a gidan baƙi. Na waiga da dabino a kumatu.

Kowa na inda yake. Ba wanda ya fita. Alƙalinmu na tsaye da usur ɗinsa a rataye a wuya, bai taɓa shi ba. Can bayan waya kuwa, a filin ƙasa, 'yan ƙaramin rukuni na tafiya shan ruwa. Usur ɗinsu ne. Nasu rabin ya cika, namu da sauran minti goma.

Mamadu na tsaye da ƙwallo a ƙarƙashin ƙafarsa, gaban raga ba kowa. Bawan Allah bai ma so ya ci ba. Ya dubi alƙali, alƙali ya buɗe hannuwa alamar wasa na tafiya. Ya dube ni, kamar mai ba ni dama in dawo. Ni kuwa ina durƙushe a bakin darduma ina kallonsa. Sai ya ja ta a hankali har bakin layi, ya ɗan tura ta da gefen ƙafa kamar mai ajiye takalmi a ƙofar masallaci, ya juyo ya dafa ƙirji ya ce mini, "Shukran."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Wani ɗan Yaman ya kwanta a ƙasa yana dukan ciyawa. 'Yan filin ƙasa suka taso suka manne a waya suna tambayar me ya faru, da aka gaya musu su ma suka kama. Ustaz Usman ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ga dabino a baki, na rasa ko in tauna ko in tofar.

Ammu Bukar bai yi dariya ba. Ya kurɓi gahawarsa, ya dube ni da tausayi na gaske, ya ce, "Ya waladi, mu mutanen Madina an san mu da karrama baƙo. Amma wallahi ko mu da aka haifa a nan ba mu kai ka ba."

Sai a lokacin ya fashe, har sai da samarin suka riƙe masa kofi.

Da aka tafi hutun na gaske na roƙi Sani Dogo ya cire ni, ko wa ya ga dama ya sa, doka ta yarda a sauya bayan an fara. Ya juya robar ruwa a hannunsa sau uku. Ya ce ai a wasiƙa an nemi a jiƙa riga, tawa kuwa da saura. Na koma. An tashi takwas da nema, kuma kowa ya shaida 'yan Sanagal sun sassauta a rabin na biyu, Mamadu ma ya koma baya yana ba yara dama.

Kafin sallar magariba sunana ya ɓace a jami'ar. Na zama Tafaddal. A ɗakin cin abinci mutum zai turo mini gishiri ya dafa ƙirji ya ce tafaddal. A ɗakin karatu a miƙo mini littafin da ban nema ba. Wani malaminmu na nahawu, dattijo mai kwarjini da ban taɓa zaton ya san akwai fili a jami'ar ba, ya kira ni in yi i'irabin jimla a allo, ya miƙo mini alli, ya faɗi kalmar. Aji ya watse.

Bayan sati guda na lallaɓa ofishin Ustaz Usman, ba wasiƙa wannan karon, da baki, na tambaya ko akwai hanyar komawa ƙaramin rukuni. Ya ce ai gurbinmu an ba ɗaliban Bosniya tun ranar da muka tashi. Na ce to ko za a cire takardar nan daga allo. Ya ce a'a, sababbin ɗalibai na amfana da Larabcinta.

Habibu ya dawo, ya riƙa shan huɗu da uku maimakon takwas, muka ƙare shekarar a ƙarshen jadawali. 'Yan Bosniya suka ɗauki ƙaramin kofi. A ɗakinmu ba mai ambaton Awali, amma duk ranar da aka kawo wake sai in ga idanu sun juyo kaina.

Sai ga saƙo daga Ammu Bukar cewa mu zo gona ranar Juma'a kamar kullum, ya ce ragon bai san jadawali ba. Muka tafi ina bayan mota ina addu'ar kada a tayar da zancen. Muka shiga cikin dabinai, ga ruwa na bin kwalbati, ga tabarmi a inuwa. A kan tabarmar, cikin farar jallabiya, sai ga Mamadu. Ammu ya aika an ɗauko shi takanas. Aka kawo faranti, aka zaunar da ni dab da shi. Ammu ya yago cinyar ragon, ya ɗora a hannuna, ya ce, "Ba wa baƙonka da kanka, ɗana. Kai ka san yadda ake yi."

Na ba shi. Me zan yi? Na ma faɗi kalmar, tunda kowa ita yake jira. Mamadu ya karɓa ya raba biyu ya ba ni rabi, muka ci, kuma daga ranar muka zama abokai. Shi ya taimake ni na haye jarrabawar hadisi a shekarar ƙarshe.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Shekarar da ta biyo baya wasu 'yan Nijar biyu da wani ɗan Gana suka shigo ƙungiyarmu, domin yanzu muna filin ciyawa. Habibu, da ya shekara ana yi masa ruwan ƙwallo, ya zama gola na gaske, har aka ɗauke shi cikin masu wakiltar jami'a. A shekara ta uku muka kai wasan kusa da na ƙarshe a babban rukuni, muka fitar da 'yan Gini a hanya. Wato duk abin da na faɗa a ɗakin Sani ya tabbata, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa ambata. Shekaru bayan mun dawo gida na haɗu da Sani Dogo a wani ɗaurin aure a Gusau, na ja shi gefe na tuna masa cewa shawarar tawa ce fa. Da gaske ya yi ƙoƙarin tunawa. Ya ce shi dai abin da ya riƙe shi ne dabinon da ke bakina.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta, kuma har yau Allah bai raba ni da kawo shawara ba. Sai dai na koyi abu guda. Shawara na iya zama daidai ɗari bisa ɗari, amma kafin amfaninta ya iso akwai wanda zai fara shan dukanta a gaban jama'a. Saboda haka duk lokacin da wata dabara mai kyau ta taso mini a taron malamai, nakan fara duba ɗakin in ga wa za a ɗora wa aikin. In na ga idanu za su dawo kaina, sai in gyara murya in ce a kafa kwamiti.